Daga Kanal ɗin Kura Zuwa Bakin Tafki: Tarihin Hukumar Tafkin Chadi

Duk wanda ya taɓa noman rani a Kura ko Bunkure ya san bambancin mai gona a bakin kanal da mai gona a ƙarshensa. Na bakin kanal yakan buɗe ruwa lokacin da ya ga dama, ya cika fangalinsa har ya tumbatsa, ya tafi gida. Na ƙarshe kuwa sai ya jira dare ya raba, ya ɗauki tocila ya bi gaɓar kanal yana neman inda aka toshe masa. Idan ya yi magana a ce ya cika ƙorafi, idan ya yi shiru albasarsa ta ƙone. Abin da ke raba wannan gardama shi ne ƙungiyar masu amfani da ruwa, inda ake zama a tsara wa kowa ranarsa, domin a nan ne kaɗai muryar na ƙarshe ke yin nauyi ɗaya da ta na farko.

Ƙasashe ma haka suke. Ruwan da ke shayar da shinkafar Kura da tumatirin Kadawa daga madatsar Tiga yake fitowa, kuma ruwan kogin Kano ne. Da ba a tare shi ba, da ya gangara ya haɗu da na Chalawa, ya wuce Wudil da Ringim da Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Nguru, ya gamu da kogin Jama'are kusa da Gashuwa, ya bi ta Gaidam. Daga nan sunansa Komadugu Yobe, kuma kafin ya faɗa Tafkin Chadi yakan yi tafiyar kusan kilomita 150 a matsayin iyaka tsakanin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. A gaɓarsa ta arewa garin Diffa yake, da Geskeru, da Bosso. A wannan dogon kanal da Allah ya haƙa, Nijar ce mai gonar ƙarshe, kuma ƙungiyar da take zama a cikinta don a ji muryarta ita ce Hukumar Tafkin Chadi, wadda ake kira LCBC a Nijeriya, CBLT a ƙasashen da Faransa ta raina.

Ranar da aka sa hannu

An kafa hukumar ranar 22 ga Mayu, 1964, a birnin Fort Lamy, wanda aka sauya wa suna zuwa Njamena a 1973. Shugabanni huɗu ne suka sa hannu: Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa na Nijeriya, da Diori Hamani na Nijar, da Ahmadu Ahidjo na Kamaru, da mai masauki François Tombalbaye na Chadi. Dukkan ƙasashen huɗu shekararsu huɗu kacal da samun 'yanci, kuma shekara guda ke nan da kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa. Zamani ne na zumuɗi, kowa na ganin abin da Turawa suka raba da alƙalami za a iya ɗinke shi da alƙalami.

Tafkin ma a lokacin yana kan ganiyarsa. A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 ko kusa da haka. Jiragen ruwa na tashi daga Baga zuwa Bol, bandar Doron Baga na isa kasuwannin Kano har zuwa Anaca, masunta Hausawa daga Kabi da Haɗeja da Sakkwato na kwarara can suna zama tare da Barebari da Buduma. Ba wanda ke tunanin ƙarancin ruwa. Abin da ya dami shugabannin shi ne yadda za a ci moriyar wannan arziki ba tare da an yi faɗa ba, domin iyakokin ƙasashen huɗu a cikin ruwan suka haɗu, kuma ba wanda zai iya nuna su da yatsa.

Yarjejeniyar ta tanadi abu ɗaya mai nauyi. Kowace ƙasa ta yi alkawarin cewa ba za ta fara wani aiki da zai rage ruwa ko ya sauya gudunsa ba sai ta sanar da hukumar tukuna an yi shawara. Ga Nijar wannan shi ne ƙashin bayan takardar. Ba ta da ƙarfin soja ko na kuɗi da za ta tilasta wa Nijeriya komai, amma a teburin hukumar kujerarta ɗaya ce da ta Nijeriya, kuma ba a zartar da hukunci sai kowa ya yarda. An kuma yi rabon da ya ɗore har yau: hedikwata a Chadi, Babban Sakatare daga Nijeriya, kuɗin gudanarwa kuwa kowa gwargwadon ƙarfinsa. A tsarin da ake bi tun shigowar Libiya hukumar a 2008, Nijeriya ke biyan kashi 40 cikin 100, Nijar kashi 7.

Sai dai an bar ƙofa a buɗe. Yankin da aka damƙa wa hukumar a 1964 murabba'in kilomita 427,300 ne, wato ƙasashen da ke kewaye da tafkin. A ɓangaren Nijeriya, galibi ƙasar Barno ke nan. Kano da Bauci, inda kogunan suke samo asali, suna waje da layin da aka ja.

Audu Bako da ruwan Tiga

Shekara uku bayan haka aka ƙirƙiro Jihar Kano, a 1967, aka naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako gwamna. Mutum ne da ya ɗauki maganar ruwa da zafi. Ya ga jiha mai cunkoson jama'a, gonaki ƙanana, damina ta wata huɗu, sauran watanni kuwa samari na tafiya cin-rani. Ya fara da madatsar Bagauda, aka buɗe gonar gwaji a Kadawa, wani kamfanin injiniyoyi na ƙasar Holan mai suna NEDECO ya zana taswirar babban aikin. Tsakanin 1971 da 1974 aka gina Tiga, wadda aka tsara ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga can aka ja babban kanal ta Ruwan Kanya, ya rabu reshen gabas da na yamma, ruwa na gangarowa da kansa ba inji ba famfo zuwa filayen da a yau ke cikin ƙananan hukumomin Bunkure da Kura da Garun Malam. An tsara kashin farko ya shayar da kadada 22,000. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ta karɓi aikin daga hannun jiha.

Ba mai musun alherin da wannan aiki ya kawo. Manomin da kakansa ke jan jigo a bakin rafi don ya shayar da ɗan fangalin albasa ya koma yana noma sau biyu ko uku a shekara. Lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, Kadawa na cikin wuraren da aka dogara da su. Kura ta zama kasuwar shinkafa da ake zuwa daga ko'ina, mata na turara shanshera, injuna na casa dare da rana. Kwanar Gafan ta zama tashar da manyan motoci ke lodin kwandunan tumatir zuwa Ikko. Duk wannan daga ruwan kogi ɗaya.

Amma an gina Tiga ba tare da an kai maganar teburin Fort Lamy ba, kuma a bisa takarda ba a karya doka ba, tunda Kano tana waje da yankin hukumar. Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne lokacin da aka rufe bakin madatsar ya zo daidai da babban farin 1972 zuwa 1974. A 1973 tafkin ya ja baya har wani tudu ya fito a tsakiyarsa ya raba shi gida biyu, kwarin kudu da kwarin arewa. Kogin Shari da na Logon, waɗanda ke kawo fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke zubawa a tafkin, a kwarin kudu suke sauka. Ɓangaren Nijar gaba ɗaya yana kwarin arewa, kuma kogi ɗaya tilo da ke shiga can kai tsaye shi ne Komadugu. Ruwan da mutumin Njamena zai ɗauka ɗigo ne a cikin randa, ga mutumin Bosso shi ne randar dukkanta.

Shekarun wahala

Hukumar ta shiga wannan jarrabawa tana ƙarama, kuma iyayenta na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. An kashe Tafawa Ɓalewa a Janairun 1966, Nijeriya ta afka yaƙin basasa har 1970. Seyni Kountché ya kifar da Diori a Afrilun 1974 ana tsakiyar yunwa. An kashe Tombalbaye a Afrilun 1975. Zuwa 1979 birnin da hedikwatar take ya zama fagen fama, har sai da aka tara shugabannin ɓangarorin Chadi a Kano cikin watan Maris na wannan shekara aka ƙulla sulhun da bai daɗe ba. A irin wannan yanayi aikin da hukumar ta iya yi shi ne na ƙwararru: auna ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa tare da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, haƙa rijiyoyin burtsatse, rigakafin dabbobi, cibiyoyin horar da masunta da manoma. A 1977 an sa hannu a Inugu kan dokokin bai-ɗaya na kare namun daji da itatuwa da kifi.

Manyan ayyukan ruwa kuwa kowace ƙasa gaban kanta ta yi. Kamaru ta gina madatsar Maga a 1979 don noman shinkafa, fadamar Waza ta bushe. Nijeriya ta zuba kuɗin man fetur a aikin noman rani na kudancin tafki a Marte, aka haƙa doguwar hanyar ruwa daga tafkin, kafin a gama aikin, tafkin ya gudu ya bar bakin hanyar a kan yashi. A farin 1984, wanda mutanen ƙasar Maraɗi ke kira El Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyakar da gwamnatin Janar Buhari ta yi, tafkin ya koma ƙasa da murabba'in kilomita 2,000. Kwarin arewa ya ƙafe ƙaf. Nijar, ɗaya daga cikin ƙasashe huɗu da suka kafa Hukumar Tafkin Chadi, ta wayi gari ba ta da tafki.

Abin mamaki, janyewar ruwan ce ta ba hukumar aikinta na farko da duniya ta gani. Da ruwa ya ja, sababbin tsibirai da ƙasa mai albarka suka bayyana, masunta da manoma suka bi ruwan ba tare da tambayar ƙasar wa suka shiga ba, hakimai da 'yan sanda da masu karɓar haraji suka bi bayansu. A 1983 sojojin Nijeriya da na Chadi suka gwabza kan wasu tsibirai, aka yi asarar rayuka. Shugabannin suka ɗora wa hukumar nauyin shata iyakoki a cikin tafkin. Tsakanin 1988 da 1990 masana taswira daga Faransa, tare da wakilan ƙasashen huɗu, suka kafa turaku. Ba kowace ƙasa ce ta amince da sakamakon nan take ba, rikicin Darak tsakanin Nijeriya da Kamaru sai da ya kai Kotun Duniya, wadda ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba, 2002. A ƙarshen 2003 Nijeriya ta janye daga ƙauyukan da aka ce na Kamaru ne. Kotun ta dogara ne da tsofaffin takardun Turawa da kuma aikin da hukumar ta riga ta yi.

Yadda Nijar ta buɗe ƙofa ta biyu

Diori Hamani bai zuba ƙwansa duka a kwando ɗaya ba. Ya goyi bayan gwamnatin Gowon a yaƙin basasa lokacin da Faransa ke karkata ga Biyafara, kuma da yaƙi ya ƙare ya nemi a saka wannan zumunci cikin takarda. A 1971 aka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar, hedikwatarta a Yamai. Ta wannan ƙofa aka yi maganar wutar lantarki daga Kainji, da hanyoyi, da kasuwanci, da kiwo. Ta nan kuma aka kai ga yarjejeniyar Maiduguri ta 18 ga Yuli, 1990, kan rabon adalci na ruwan koguna huɗu da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kansu: Maggiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, sai ƙarshen Komadugu Yobe.

Duk wanda ya dubi taswira zai gane dalilin da ya sa Nijeriya ta yarda ta zauna. A Komadugu da Gulbin Maraɗi, Nijeriya ce a sama: Tiga na iya rage ruwan Diffa, madatsar Jibiya a Katsina na iya rage na Madarunfa da Maraɗi. A kogin Kwara kuwa Nijar ce a sama, kuma duk madatsar da ta gina a Kandaji, arewa da Tillaberi, za ta shafi ruwan da ke juya injunan Kainji da Jebba. Shi ya sa aka daɗe ana fahimtar wutar da Nijeriya ke sayar wa Nijar a matsayin ladan barin kogin ya wuce. Mai gonar ƙarshe a wannan kanal shi ne mai gonar farko a wancan, kuma wannan ne jarin da ƙaramar ƙasa ke shiga ciniki da shi.

Shekarar da Kura ta shiga taswira

A 1992 aka kammala madatsar Chalawa a Ƙaraye, wato reshe na biyu na kogin Haɗeja shi ma an sa masa linzami. Kukan mutanen ƙasa ya ƙaru, kuma yawancin masu kukan 'yan Nijeriya ne. Kafin madatsun, kogin kan cika da damina ya malale fadamun Haɗeja da Nguru, ya janye da rani ya bar danshi. A kan wannan numfashi na shiga da fita rayuwa ta ginu: shinkafar fadama da damina, kifi da kaka, wake da alkama a danshin da ruwa ya bari, shanun Fulani da bazara. Da madatsu suka zo sai ambaliyar damina ta ragu, aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara don gonakin rani da famfunan birnin Kano. Ruwa mara ƙarfi da ba ya ƙafewa shi ne abincin ciyawar kacala. Ta cika hanyoyin ruwa, yashi ya taru a gindinta, tsohon kogin Haɗeja da Burum Gana suka toshe, ruwan ya karkata ta Marma ya nutsar da gonakin wajen Nguru, alhali mutanen Gashuwa da Gaidam na jiran abin da bai iso ba. Kacalar ta zama masaukin jan-baki masu cinye gero da shinkafa. Wasu masana tattalin arziki da suka auna amfanin fadamar a farkon shekarun 1990, cikinsu har da Edward Barbier, sun nuna cewa kowace ganga ta ruwa ta fi kawo amfani idan ta malala a fadama fiye da idan ta bi kanal. Wannan bincike na cikin abin da ya ƙarfafa masu adawa da madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, wadda har yau ba a kammala ba, kuma Jama'are ɗin ne ke kai mafi yawan ruwan da ke isa Diffa a yanzu.

A taron shugabanni na Abuja a 1994 hukumar ta toshe ƙofar da aka bari a buɗe shekara talatin. An karɓi Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, inda Shari ke samo ruwansa, aka faɗaɗa yankin hukumar zuwa kusan murabba'in kilomita 967,000 don ya haɗa da mafarin kogunan. Daga wannan rana Kano da Jigawa da Bauci suka shiga ciki. Manomin Bunkure bai ji sanarwa ba, kuma ba abin da ya sauya a gonarsa washegari, amma a bisa doka ruwan da yake buɗewa ya zama abin da Nijar ke da ikon tambaya a kansa. Libiya ta shigo a 2008, mambobi suka zama shida.

Aiki a ƙasa ya biyo baya a hankali. A 2006 aka yi taro a Damaturu inda gwamnonin Kano da Jigawa da Bauci da Filato da Yobe da Barno, tare da gwamnatin Obasanjo, suka amince da tsarin kula da kogin baki ɗaya, suka kafa asusun amana don share hanyoyin ruwa da yaƙar kacala. Ranar 30 ga Afrilu, 2012, shugabannin hukumar suka amince da Kundin Ruwa na Tafkin Chadi a Njamena, wanda ya fayyace abin da yarjejeniyar 1964 ta faɗa a dunƙule: iyakar ruwan da za a iya ɗiba, mafi ƙarancin da dole a bari ya wuce, da yadda za a sanar da maƙwabta kafin a fara sabon aiki. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen kusan dala miliyan 495 don shirin TRIMING, wanda ya gyara kanal-kanal na Kura da Bunkure da na kwarin Haɗeja, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Kanal ɗin da ba ya yoyo da manomin da ba ya barin ruwa na kwana a gona suna amfanar Gashuwa da Diffa ko da ba su sani ba.

Akwai kuma babban mafarkin da hukumar ta daɗe tana goyo, na jawo ruwa daga kwarin kogin Kwango. Wani kamfanin Italiya mai suna Bonifica ne ya fara zana shi da sunan Transaqua, hanyar ruwa mai tsawon kilomita 2,400. An sake tayar da maganar a babban taron Abuja na Fabrairun 2018, amma kuɗin da ake bukata ya fi ƙarfin mambobin, mutanen Kwango ba su yarda a taɓa musu kogi ba, wasu masana kuma na cewa tafkin ya daina ƙanƙancewa tun shekarun 1990, yana cika yana ja ne gwargwadon damina. Har yau ba a sa fartanya ba.

Hukumar ruwa ta ɗauki bindiga

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Rikicin Boko Haram da ya tashi a Maiduguri a 2009 ya bi kogi da tafki ya tsallaka iyakoki. A Janairun 2015 mayaƙan suka ci Baga, inda sansanin rundunar haɗin gwiwa ta sojojin ƙasashen yankin yake. Ranar 6 ga Fabrairu suka kai hari Bosso da Diffa. Komadugu, wanda da damina katanga ce, da rani idan ya ƙafe ya zama hanyar ƙafa. Gwamnatin Nijar ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Diffa, ta hana hawa babur, ta hana cinikin kifi da na jan tattasai, wanda shi ne arzikin manoman gaɓar kogin, don zargin cewa mayaƙan na karɓar haraji a kai. Aka kwashe mutanen tsibirai. Manomin da ya sha fama da ƙarancin ruwa ya koma ko gonar ma ba ya iya zuwa.

Da aka nemi inuwar da ƙasashen za su haɗa sojoji a ƙarƙashinta, ba a sami wadda ta dace kamar wannan tsohuwar hukuma ba. ECOWAS ba za ta iya ba, domin Chadi da Kamaru ba mambobinta ba ne. Ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka ba za ta iya ba, domin Nijeriya da Nijar ba nata ba ne. Teburi ɗaya ne duka huɗun ke zama a kai tun 1964. Shugabannin sun yanke shawarar farfaɗo da rundunar a taron da Mahamadou Issoufou ya karɓi baƙuncinsa a Yamai cikin Oktoban 2014, Tarayyar Afirka ta amince a ƙarshen Janairun 2015, aka mayar da hedikwatar Njamena, Benin ta shigo, aka raba fagen daga shiyya huɗu, ta huɗun a Diffa. Babban Sakataren hukumar, wanda aikinsa a da auna ruwa ne da kiran taro, ya zama shugaban farar hula na rundunar yaƙi. A 2018 aka ƙara da dandalin gwamnonin yankin, wanda ya fara zama a Maiduguri, inda gwamnan Diffa ke zama da na Barno da na Yobe su yi maganar kasuwa da 'yan gudun hijira ba sai an bi ta manyan birane ba.

Wannan sabon nauyi ya ɗaga sunan hukumar, ya jawo mata kuɗin ƙasashen waje, amma ya danne aikinta na asali. Yau idan aka ambaci Tafkin Chadi a rediyo, maganar soja ake jira, ba ta ma'aunin ruwa a Gashuwa ba.

Bayan juyin mulkin 2023

Ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum. ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka daga Illela zuwa Maigatari, Nijeriya ta katse wutar da ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe: Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewarsu daga ECOWAS, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025. A Maris na 2025 Nijar ta sanar da janye sojojinta daga rundunar haɗin gwiwa. Katse wutar ya koya wa Yamai cewa tsohon ciniki na ruwa da lantarki ana iya warware shi da dare ɗaya, kuma duk mai bin maganar Kandaji ya san wannan darasi ba zai tafi a banza ba.

Sanarwar ta Maris rundunar ta shafa, ba hukumar ba. Ƙasa na iya fita daga ƙungiyar ciniki ta shiga wata, tana iya janye sojojinta ta mayar da su gadin rijiyoyin mai na Agadem, amma Diffa ba za ta tashi daga gaɓar Komadugu ba, kuma mafarin Komadugu ba zai tashi daga Kano da Bauci ba. Ambaliyar 2022, wadda ta ci gonaki daga Ringim da Haɗeja har zuwa unguwannin Diffa, ta nuna cewa ko a shekarar yalwa ana bukatar wanda zai ɗaga waya daga sama ya ce wa na ƙasa ruwa na tafe.

Idan aka auna hukumar da alkawarin 1964, an gina manyan madatsu ba da shawararta ba, mambobi sun sha jinkirta kuɗinsu, kundin ruwan ya fi ƙarfi a takarda. Duk da haka ta shata iyakar da ta hana yaƙi, ta jawo mafarin koguna cikin lissafi, ta ba ƙasa mai biyan kashi 7 kujera daidai da mai biyan kashi 40, kuma ta rayu shekara sittin a yankin da gwamnatoci ba sa daɗewa. Abin da ya rage mata shi ne irin wanda ƙungiyar manoman kowane sashe a Kura ta riga ta sani: a san yawan ruwan da ke akwai, a rubuta ranar kowa, a sami wanda zai tsaya a bakin ƙofa ya tabbatar an bi. Ranar da jadawalin sakin ruwan Tiga da Chalawa zai zama abin da ake tsarawa da sanin Haɗeja da Gashuwa da Diffa, ranar ce takardar Fort Lamy za ta iso Bunkure.